Garin da Mota Ta Zama Ƙafa

Akwai wata rana da ke jiran duk mai tuƙi idan Allah ya ba shi tsawon rai. Ido zai fara gani dishi-dishi, musamman da dare. Ƙafa za ta riƙa jinkiri kafin ta sami birki. Sai wata rana 'ya'ya su taru, su yi ta kewaye-kewaye saboda nauyin maganar, daga ƙarshe babbansu ya daure ya ce, "Baba, ka huta da tuƙin nan haka, duk inda kake son zuwa za mu kai ka." Sai a miƙa hannu biyu a karɓi makulli.

Abin da zai biyo bayan wannan rana ya danganta da ƙasar da dattijon yake. Idan a Tokyo yake ko Zurich, gobe da safe zai ɗauki sandarsa ya taka zuwa tasha, ya shiga jirgi ko bas, ya ga likitansa, ya biya ta wurin tsohon abokinsa su yi hira, ya dawo gida da kansa. Sitiyari kawai ya rasa. Idan kuwa a wata unguwar bayan birnin Houston yake ko Atlanta, to ranar da aka karɓi makullin ranar aka yanke masa ƙafa. Wurin sayayya mafi kusa na da nisan kilomitoci, titin da zai bi ba shi da gefen masu tafiya a ƙasa, bas kuma in ma akwai shi sai a shafe awa guda ana jira. Zai zauna yana leƙen taga har sai wani ya sami sukunin zuwa ɗaukarsa.

Da wannan dattijon nake auna gari, da yaron da bai isa tuƙi ba, da makaho, da mai farfaɗiya, da wanda bai da kuɗin sayen mota. Idan aka haɗa su ba 'yan tsiraru ba ne, kuma kowannenmu ya taɓa zama a cikinsu, zai kuma sake komawa in rai ya kai. Ba ni da gaba da mota. Manomi na buƙatarta, mai ɗaukar kaya na buƙatarta, mace mai naƙuda da tsakar dare na buƙatarta, kuma akwai daɗi a tuƙi a buɗaɗɗiyar hanya wanda ba zan musa ba. Abin da nake ƙi shi ne a gina gari ta yadda mota za ta zama dole, sannan a kira wannan dolen da sunan 'yanci. Wanda ba zai iya sayo magani ba sai ya tayar da inji ba shi da zaɓi, komai kyan motar da yake ciki.

Mutane da yawa na ɗauka cewa haka Allah ya halicci Amurka, ƙasa mai faɗi da mutane masu son mota. Tarihi bai ce haka ba. Birnin Los Angeles, wanda yau ake buga misali da shi wajen cunkoson motoci, a shekarun 1920 yana da jajayen jiragen lantarki masu bin titi da layinsu ya zarce kilomita 1,600, ɗaya daga cikin mafi tsawo a duniya a wancan zamani. Da su aka buɗe unguwanni, da su ma'aikata ke zuwa aiki. Sannu a hankali motoci suka cika titin da jiragen ke bi, jiragen suka fara makara, fasinjoji suka ragu, kuɗin gyara ya yi ƙaranci, aka yi ta rufe layi ɗaya bayan ɗaya. A 1961 aka rufe na ƙarshe daga cikin layukan jajayen jiragen, wanda ke zuwa Long Beach.

A daidai wannan lokaci hannun gwamnati na can wani wuri. A 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan hanyoyin da suka haɗa jihohi, kimanin kilomita 66,000, gwamnatin tarayya na biyan kashi 90 cikin ɗari na kuɗin. Da a tsakanin garuruwa hanyoyin suka tsaya da da sauƙi. Amma sun keta tsakiyar birane, an rushe unguwanni sukutum, galibi na baƙaƙen fata da talakawa, don masu zama a bayan gari su sami hanyar shiga da fita. Sai kuma dokokin tsara gari, waɗanda ba kowa ke lura da su ba, kuma a ganina su ne ummul haba'isin lamarin. A yawancin filayen zama na biranen Amurka doka ta hana gina komai sai gida guda na iyali guda, babu kanti a kusa, babu ofis, babu bene mai hawa-hawa. Sannan duk wanda zai buɗe wurin kasuwanci sai an tilasta masa tanadar wurin ajiye motoci kaza. Sakamakon haka gine-gine suka yi nisa da juna, filin fakin ya fi ginin kansa girma, tafiya a ƙasa ta zama wahala, bas kuma ya rasa inda zai sami mutane a tattare. Ruwa ba ya tsami banza. Ba a tambayi Ba'amurke ko yana son mota ba. An tsara masa gari ne yadda ba zai rayu ba sai da ita.

Kuma yana biya. Ƙungiyar masu motoci ta ƙasar ta ƙiyasta cewa riƙe sabuwar mota, idan aka haɗa bashi da inshora da mai da gyara da faɗuwar daraja, ya kai kusan dala 12,000 a shekara. Gidan da miji da mata ke aiki sai motoci biyu, yaro ya kai shekara 16 ana maganar ta uku. Ga mai ƙaramin albashi wannan haraji ne da babu majalisar da ta zartar da shi, amma ba ya tsallakuwa. Motarsa ta lalace, aikinsa ya shiga haɗari. Duk wannan ɗawainiya kuwa a kan abin da yake ajiye ne mafi yawan lokaci. Marigayi Donald Shoup, malamin jami'a a California da ya ƙarar da rayuwarsa yana nazarin wuraren fakin, ya yawaita tunatarwa cewa mota na kwashe kusan kashi 95 cikin ɗari na rayuwarta a tsaye.

Idan cunkoso ya yi yawa, abin da ke fara zuwa wa kowa a rai shi ne a faɗaɗa titi. Magana ce da ke kama hankali, shi ya sa 'yan siyasa ke sonta. Jihar Teksas ta gwada ta har ƙarshe. Babbar hanyar Katy da ke shiga Houston ta yamma an faɗaɗa ta, aka gama a 2008, a kan kuɗi kusan dala biliyan 2.8, har a wasu wurare ta kai layi 26 idan aka haɗa da na gefe. An sami sauƙi na 'yan shekaru. Daga nan lokacin da ake ɓatawa a kanta safe da yamma ya sake hawa. Dalilin ba boyayye ba ne. Da zarar hanya ta buɗe, wanda ke bin wata hanyar zai dawo nan, wanda ke sammako zai daina, wanda ke shiga motar abokinsa zai fito da tasa, masu gine-gine kuma za su yanka sababbin filaye can gaba saboda yanzu "ba nisa". Masana tattalin arziki biyu, Gilles Duranton da Matthew Turner, sun bi alƙaluman biranen Amurka suka wallafa a 2011 cewa tuƙi na ƙaruwa kusan daidai da yadda aka ƙara titi. Zuba ruwa ne a kwando.

Lissafin wuri ne, kuma ba ya sauyawa don ƙasa ta yi arziki. Mutum hamsin a bas ɗaya sun ci tsawon mota uku. Mutum hamsin ɗin nan kowa a motarsa sun cika titi daga wannan danja zuwa waccan, kuma kowanne na neman wurin ajiyewa a gida, da wani a wurin aiki, da wani a kasuwa. Birnin Seoul na Koriya ta Kudu ya yi abin da ya saɓa wa tunanin kowa. Tsakanin 2003 da 2005 ya rushe wata babbar gadar sama da ke ɗaukar motoci fiye da 150,000 a rana, ya tono rafin da aka binne a ƙarƙashinta, ya kuma sake fasalin basa-basan birnin gaba ɗaya a 2004, aka ba su layin kansu a tsakiyar titi. An yi ta hasashen cewa gari zai cushe. Bai cushe ba. Yau mutane na yawo a bakin rafin da yamma, a wurin da a da hayaƙi ne da ƙara.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Holan, domin yau kowa na ganin hoton Amsterdam da kekuna sai ya ce ai su haka al'adarsu take. A shekarun 1960 su ma hanyar Amurka suka kama. Ana rushe gidaje don titi, dandalin gari ya koma wurin fakin, masu keke na raguwa kowace shekara. A 1971 mutum fiye da 3,000 suka mutu a kan titunan wannan 'yar ƙaramar ƙasa, sama da 400 daga cikinsu yara. Wani ɗan jarida da mota ta kashe masa 'ya ya yi rubutu mai zafi, daga kanun rubutun nan aka sami sunan wata gwagwarmaya, ma'anarsa "a daina kashe yara". Iyaye mata suka fito da 'ya'yansu suka zauna a tsakiyar titi, suka toshe hanyoyi, suka je har gidan firaminista. Sai ga matsalar man fetur ta 1973, gwamnati ta hana fita da mota ranar Lahadi, mutane suka ga titunansu shiru, yara na wasa a kai. Suka tuna yadda garin yake kafin a ƙwace shi.

Daga nan aka fara, kuma ba dare ɗaya aka gama ba. Hanyar keke da aka raba da ta mota, titin unguwa da aka ƙuntata da gangan don direba ya rage gudu ko yana so ko ba ya so, mahaɗar hanya da aka zana bisa sanin cewa ɗan Adam zai yi kuskure, don kada kuskuren ya zama ajali. Yau masu mutuwa a titunan Holan ba su kai rubu'in na wancan lokaci ba, duk da mutane da motoci sun ƙaru. Kekuna sun fi mutane yawa a ƙasar. A tashar jirgin ƙasa ta Utrecht akwai wurin ajiye keke 12,500 a ƙarƙashin rufi ɗaya, domin keke da jirgi aiki ɗaya suke yi: keke ya kawo ka tasha, jirgi ya kai ka wani gari. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne mutanen Holan na da motoci sosai, kuma tuƙi a can da daɗi, saboda duk wanda ke kan keke ko cikin jirgi mota ɗaya ce da ta bar wa direba hanya.

Ba zan wuce maganar jini da sauri ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Fiye da rabin mamatan ba a cikin mota suke ba: masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Amurka ita kaɗai na binne kusan 40,000 a shekara. Da wata cuta ce ke wannan ɗauki ɗai-ɗai da an rufe iyakoki an kira taron gaggawa. Mun saba ne kawai. Muna cewa ƙaddara, kuma ƙaddara gaskiya ce, amma faɗin titi da gudun da aka yarje a kansa mutane ne suka zauna a ofis suka zana.

Japan na koyar da wani darasi dabam. Ƙasar da ke sayar wa duniya Toyota da Honda ita ce wadda babban birninta ke tafiya a kan dogo. Tashar jirgin Shinjuku da ke Tokyo kaɗai na ganin fasinja fiye da miliyan 3 a rana. Abubuwa biyu suka fi jan hankalina. Na farko wata doka ce ta 1962: kafin a yi maka rajistar mota a birni sai ka kawo shaidar cewa kana da wurin ajiye ta, kuma ba a kwana da mota a gefen titi. Doka ce mai sauƙi, amma ma'anarta babba ce, wato titi na jama'a ne, ba garejin kowa ba ne. Na biyu shi ne yadda kamfanonin jirgi suka gina gari tare da layinsu. Tun 1910 wani ɗan kasuwa mai suna Kobayashi Ichizo, a yankin Osaka, ya shimfiɗa dogo ya sayar da gidaje a gefensa, daga baya ya gina katafaren kanti a kan babbar tashar. Gida kusa da tasha, kasuwa a kan tasha, ribar fili na tallafa wa jirgi. Hong Kong ma da wannan dabara take tafiyar da jiragenta. A ƙauyukan Japan kuwa, inda mutane suka yi ƙaranci, mota ce ke aiki, kuma ban ga laifin hakan ba.

Singafo ta bi ta hanyar tsada. Tun 1975 take karɓar kuɗi daga masu shiga tsakiyar birni da mota, kuma daga 1990 sai ka sayi takardar izinin mallakar mota ta shekara goma a gwanjo, wadda a 2023 ta haura dalar Singafo 100,000, ban da kuɗin motar. Tsarin ya yi aiki, amma ina da ja a kansa, domin ya mai da mota kayan masu hannu da shuni zalla. Abin da ya wanke shi kawai shi ne sun samar wa kowa jirgi da bas masu kyau. Landan ta sa nata kuɗin shiga gari a 2003, Stockholm ta gwada a 2006 sannan ta tambayi jama'a a ƙuri'a suka amince bayan sun ga motoci sun ragu da kusan kashi 20 cikin ɗari. Duk gwamnatin da ta kwaikwayi harajin ta bar gina sufurin jama'a, zalunci ta yi.

To me ke sa mai mota ya ajiye makullinsa da son ransa? Mutane da dama za su ce arha. Luxembourg ta soke kuɗin jirgi da bas gaba ɗaya a 2020, amma har yanzu tana cikin ƙasashen Turai da suka fi yawan motoci idan aka kwatanta da yawan jama'a. Jamus ta sayar da tikitin wata na yuro 9 a bazarar 2022, an sayi miliyan 52, jirage suka cika maƙil, amma yawancin masu zuwa aiki da mota ba su daina ba. Arha na taimakon talaka, kuma wannan kaɗai ya isa dalili. Sai dai abin da ke jawo kowa da kowa shi ne amana. Mutum na son ya san cewa idan ya fito zai samu, idan ya rasa wannan wani na tafe nan da minti biyar ko goma, kuma da dare zai sami na komawa. Bas ɗin da ke zuwa sau ɗaya a awa, ko wanda ba ya tashi sai ya cika, ko kyauta ne ba zai raba mai mota da motarsa ba.

Switzalan ce ta fi kowa gane wannan. Ƙasa ce ta duwatsu da ƙananan ƙauyuka, irin wadda za a ce sufurin jama'a ba zai yiwu ba. Tun 1982 suka tsara jadawalin ƙasar gaba ɗaya kamar agogo: jirgi na tashi a daidai lokaci iri ɗaya a kowace awa, jirage na haɗuwa a manyan tashoshi a lokaci guda don fasinja ya sauka daga wannan ya shiga wancan, sannan a bakin ƙaramar tasha ga rawayar bas ɗin gidan waya na jira don ya haura da mutane kan dutse. Ba ka buƙatar haddace komai. A Japan kuwa, a 2017, wani kamfanin jirgi ya fitar da sanarwar neman afuwa saboda jirginsa ya tashi daƙiƙa 20 kafin lokaci. Duniya ta yi dariya. Ni abin da na gani a ciki shi ne mutunta fasinja, a ɗauki lokacinsa abu mai daraja.

Nan ne maganar take, a wurin mutunci. A ƙasashe da yawa shiga motar haya alama ce ta cewa ba ka samu ba tukuna, sayen mota kuma shaida ce ta rufin asiri. Ba na raina wannan ji. Wanda ya sha turereniya da tsayuwar rana da warin hayaƙi, macen da aka matse aka taɓa ta a cikin cunkoso ba ta da bakin magana, idan suka yi burin motar kansu gaskiya suka bi. Ba wa'azi za a yi musu ba, gyara za a yi. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Alƙahira, wanda ya fara aiki a 1987, da na Delhi da ya fara a 2002, duk sun keɓe wa mata taragu. Kuma akwai wani abu da ke faruwa idan manya sun daina shiga: sai abin ya lalace, domin masu iya ɗaga waya a saurare su ba sa ganin lalacewar. Inda alƙali da ɗan majalisa da mai shara ke tsayuwa a tasha ɗaya, fitila ba ta daɗewa a mace. Ba banza ba ne ɗaya daga cikin manyan gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka ta faro a cikin bas, ranar da Rosa Parks ta ƙi tashi daga kujerarta a Montgomery a 1955, mutane suka ƙaurace wa bas ɗin kwana 381. Kujerar bas wuri ne da ƙasa ke nuna yadda take kallon mutanenta.

Za a ce duk waɗannan masu kuɗi ne. Curitiba ta Barazil ba ta da kuɗin haƙa ramin jirgin ƙarƙashin ƙasa a 1974. Magajin garinta Jaime Lerner, wanda asalinsa mai zanen gine-gine ne, ya ce to bari bas ya yi aikin jirgi: a ba shi layinsa shi kaɗai a tsakiyar titi, dogayen gine-gine kuma a yarje su a gefen layin kawai. Daga baya aka ƙara tashoshin da ake biya kafin a shiga, masu daɓe daidai da ƙofar bas don kada a ɓata lokaci. Bogota ta ɗauka a 2000, Jakarta a 2004, Legas a 2008, Darussalam a 2016, Dakar kuma ta buɗe nata mai aiki da lantarki a 2024. Medellin ta Kolombiya ta rataya wa unguwannin talakawa na kan tsauni motocin igiya a 2004, tafiyar da ke cin fiye da awa ta koma 'yan mintuna. Abin da ya fi tsada a bas mai layin kansa ba kwalta ba ce, ƙarfin hali ne, domin sai an ɗauke layi daga hannun masu motoci, su ne kuwa masu murya.

Sai dai ba duk abin da aka yanke wa kirtani ke ɗorewa ba. Addis Ababa ta buɗe jirgin cikin gari a 2015, aka yi murna a nahiyar baki ɗaya, bayan 'yan shekaru taragu da yawa suka kwanta saboda rashin kayan gyara, jira ya yi tsawo. Bas ɗin Bogota ya cika har ya zama abin kuka, saboda birnin ya yi jinkirin ƙara masa jirgi. Gini na da hoto da biki, gyara ba shi da su, shi ya sa ake mantawa da shi a kasafi. Haka kuma ina jin haushin masu tsara birane da ke kallon ƙananan motocin haya, matatu a Nairobi ko jifni a Manila, kamar ƙazantar da za a share. Waɗannan direbobi su ne suka ɗauki gari a lokacin da gwamnati ta juya baya, sun san inda mutane ke fitowa da inda suke zuwa fiye da kowane zane. A shigo da su cikin tsari, a biya su bisa tafiyar da suka yi maimakon yawan kan da suka kwasa, sai tsere da lodin wuce kima su ragu da kansu.

Motar lantarki kuma, da ake ta yi wa kirari, tana rage hayaƙi, madalla. Amma girmanta ɗaya da mai shan fetur, wurin fakin ɗaya take ci, idan ta buge yaro ciwon ɗaya ne, kuma dattijon da idonsa ya mutu ba zai tuƙa ta ba. Birnin Shenzhen na ƙasar Sin ya fi burge ni, wanda zuwa 2017 ya mai da basa-basansa kusan 16,000 masu lantarki.

Abin da ya sa nake ganin maganar nan ba ta jira shi ne yawancin titunan da jikokinmu za su taka a Afirka da Asiya ba a shimfiɗa su ba tukuna. Ana sa ran mazauna biranen Afirka za su ninka kafin 2050. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Filin da za a keɓe wa dogo ko layin bas yau da araha, gobe sai an rushe gidajen mutane an biya diyya. Duk gadar saman da aka gina ba tare da tunanin mai tafiya a ƙasa ba, duk rukunin gidajen da aka jefa can bayan gari babu tasha, hukunci ne da aka yanke wa mutanen da ba a haifa ba. Wanda ya yi jinkiri kuma zai biya ninki. Riyad, birnin da aka gina kan arhar fetur da faffaɗan titi, sai da ta kashe fiye da dala biliyan 20 ta fara buɗe jirgi mai layi shida, kilomita 176, a ƙarshen 2024, kuma har yanzu da sauran aiki, domin tasha ba ta da amfani ga wanda ba zai iya takowa zuwa gare ta ba.

Los Angeles ma ta dawo. Mutanen yankin sun jefa ƙuri'a a 2008, suka sake a 2016, suka amince a ƙara musu harajin sayayya don a gina layukan jirgi, ana ta haƙa ƙarƙashin titunan da a da dogo ke kwance a kansu. Layin farko da suka buɗe a wannan sabon zamani, a 1990, shi ne mai zuwa Long Beach, kuma mafi yawansa a kan tsohuwar hanyar jajayen jiragen nan aka shimfiɗa shi, wadda aka rufe a 1961. Shekara 29 ke tsakani. A cikinsu an haifi yara a waɗannan unguwanni sun girma har sun haihu ba su taɓa jin ƙarar jirgi a ƙofar gidansu ba, tsofaffin da suka san shi kuma da yawa sun rasu suna jiran wanda zai zo ya kai su asibiti.